Maganar Hannu

Maganar hannu, wadda wasu ke kira maganar bebaye, ita ce harshen da kurame da bebaye ke amfani da shi a ƙasar Hausa wajen hira, ciniki da sauran hulɗar yau da kullum. Harshe ne mai zaman kansa, da nasa tsarin. Ma'ana tana fitowa daga siffar hannu, wurin da aka ajiye shi, motsinsa da yanayin fuska, kuma jerin kalmominsa bai zama dole ya bi na Hausar baka ba.

Tarihi

Ana kyautata zaton maganar hannu ta daɗe ƙwarai, domin dattawan kurame sun gaje ta ne daga na gabansu. Ba a aji ake koyon ta ba. Yaro yakan tsince ta a gida, a kasuwa, ko a majalisar da kurame ke taruwa da yamma. A Kano har sarauta gare su, ta Sarkin Bebaye, wanda ke sasanta rigingimu a tsakaninsu, ya kuma wakilce su gaban hukuma. Masu ji da dama, musamman 'yan kasuwa da maƙwabtan kurame, sun iya abin da zai ishe su gaisuwa da taya kaya, abin da ya sa kurma a birni bai cika rasa abokin magana ba. Sanƙarau da ƙyanda suna cikin cututtukan da suka fi kurumtar da yara a yankin.

Ilimin boko ya zo da wani harshen daban. Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka, shi ma kurma, ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957, sannan a Ibadan a 1960, yana koyarwa da maganar hannu ta Amurka. Ita ce ta bazu a makarantun Najeriya, har da ta Tudun Maliki da ke Kano, wadda aka buɗe wajajen 1977. Daga nan ɗalibai suka riƙa cuɗa alamun makaranta da na gida, suna kuma harhaɗa sunaye ta hanyar haruffan yatsu, wato alamun hannu da ke wakiltar haruffan rubutu.

Constanze Schmaling, Bajamushiya masaniyar harshe, ta yi bincike a tsakanin kuramen Kano a shekarun 1990, ta wallafa littafi a kan harshen a 2000.

Taimako a hulɗar yau da kullum

Mai magana da kurma yakan fara jawo hankalinsa da ɗaga hannu ko taɓa kafaɗa, ya fuskance shi a wuri mai haske, kada ya rufe baki. Ɗaga murya ba ya amfanar wanda ba ya ji sam. Wanda ya iya karatu ana rubuta masa, yanzu kuma saƙon waya da kiran bidiyo na WhatsApp sun sauƙaƙa abubuwa. Tafintoci sun yi ƙaranci a asibitoci da kotuna, don haka dangi ne kan yi fassara.

Matsayi

Najeriya ta sa hannu kan dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019. Masana sun saɓa kan ko harshen makarantu reshen na Amurka ne ko ya zama na Najeriya.