Ƙarar farfela da wasan aksil ɗin baya a tsohuwar a-kori-kura

Ƙarar farfela da wasan aksil ɗin baya matsala ce da ta zama ruwan dare a tsofaffin motocin a-kori-kura da tayoyin baya ke tura su, irin su Toyota Hilux da Peugeot 504. Farfela ita ce doguwar sandar ƙarfe da ke kai juyin inji daga giyabos zuwa aksil ɗin baya, wato ƙarfen da tayoyin baya ke ɗaure a jikinsa. Alamarta bugu ne guda, kamar an doka guduma a ƙarƙashin mota, wanda direba kan ji idan ya saki kuloci, ko ya sa ribas, ko ya ɗaga ƙafa daga totur ya sake takawa. Abin da kanikawa ke kira wasa shi ne ɗan sararin da ke tsakanin ƙarafa biyu masu juya juna, kuma bugun yana fitowa ne a lokacin da sararin ya rufe da ƙarfi.

Asali

A tsakiyar aksil ɗin baya akwai giyoyin da ke raba ƙarfin inji ga tayoyi biyu, su bar tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana. Galibi ana danganta shigar wannan dabara cikin abin hawa ga Bafaranshe Onésiphore Pecqueur, a 1827 ko 1828, gwargwadon majiyar da aka bi. James Starley ya yi amfani da irinta a keke mai ƙafa uku a Ingila wajen 1877. Kuros ɗin farfela kuwa, wato gaɓar da ke barin farfela ta lanƙwasa tana juyawa, ya girmi wannan dabara, domin ana haɗa shi da sunan Gerolamo Cardano na ƙarni na 16 da Robert Hooke na ƙarni na 17, kafin Clarence Spicer ya daidaita shi da mota a Amurka a farkon ƙarni na 20. Kamfanin Packard ne ya shigo da giya mai haƙora a karkace, inda ƙaramar giyar aksil, wadda farfela ke juyawa, ke zaune ƙasa da tsakiyar babbar giyar da ke kai juyin ga tayoyi, wajen 1926. Haƙoranta suna gogar juna sosai, shi ya sa take buƙatar man giya na musamman.

A Kaduna, inda masana'antar Peugeot ta Kakuri ta fara haɗa motoci a 1975, gyaran irin wannan aksil tsohuwar sana'a ce da yaran gareji ke gada daga iyayen gidansu.

Sanadi

Yawan shekaru ne, sai lodi fiye da kima da ƙarancin mai. Motar da ke ɗauko buhunan masara daga Saminaka ko citta daga Kachiya a kan hanya mai ramuka tana cin kuros da sifirin da wuri. Da damina ruwa kan shiga aksil ta ƙofar iskarsa, mai ya koma kamar madara.

Yadda ake bincike

Ƙa'ida ita ce a fara da abin da ya fi araha, domin sau da yawa aksil ɗin da ake zargi lafiyarsa ƙalau. Bakanike kan sa waigi a tayoyi, ya cire giya, ya ja birkin hannu, sannan ya shiga ƙarƙashi ya kama farfela da hannu biyu yana murɗawa dama da hagu. Kuros mai lafiya ba ya wasa ko kaɗan, wanda ya mutu kuwa yakan yi ƙwas-ƙwas, kuma akan ga jan garin tsatsa a bakin kofunansa, shaidar cewa giris ya ƙare tuntuni. Daga nan sai a duba boris ɗin tsakiyar farfela, wato zoben ƙarfen da take juyawa a cikinsa, idan mai gaɓa biyu ce, da notocin da suka ɗaure sifirin da aksil, da robobin da inji da giyabos ke zaune a kai.

Idan duk waɗannan sun tsira, sai a koma bakin aksil inda farfela ta haɗu da shi. Ɗan juyi kaɗan a nan ba laifi ba ne, domin an bar sarari tsakanin haƙoran da gangan saboda mai da zafi. Amma motsi sama da ƙasa, ko ciki da waje, yana nuna boris ɗin ƙaramar giya ya ci ko notinta ya saki. Akan tsiyaye man a faranti a duba shi a rana: laushin gari mai ƙyalli abu ne da aka saba gani, gutsattsarin ƙarfe kuwa haƙori ne ya fashe. A yawancin tsofaffin Hilux, sararin da aka ƙayyade tsakanin babbar giya da ƙarama milimita 0.13 zuwa 0.18 ne, wanda hannu ba ya iya aunawa sai da agogon awo. Ana kuma shafa fenti a haƙoran a juya, a ga inda suke haɗuwa.

Kunne ma yana taimakawa. Kukan da ke ƙaruwa da gudu na giya ne ko boris, bugun da ke zuwa a kwana kaɗai kuma na ƙananan giyoyin ciki ne.

Gyara

Kuros ana canja shi ne kawai. Babbar giya da ƙarama tare ake ƙera su, tare kuma ya kamata a canja su, shi ya sa masu mota da yawa suka gwammace su sayi cikin aksil na hannu a kasuwar Panteka da ke Kaduna. Akwai saɓani kan ƙara ɗaure notin ƙaramar giya: wasu na ganin yana kashe wasan, wasu na cewa yana matse boris har ya ƙone. Cusa giris a madadin man giya mai lamba 90 yana rage ƙarar na 'yan kwanaki, amma yana barin haƙoran a bushe.