Ɓurɓushin roba a ruwa: me yake yi wa kifi, kuma ana iya tace shi?

Mene ne ɓurɓushin roba?

Duk guntun robar da bai kai milimita 5 ba. Wani kamar ƙwayar gero, wani kuma sai da madubin likita ake ganinsa. Richard Thompson na Jami'ar Plymouth a Ingila ne ya fito da sunan fili a 2004. Ɗauki ledar fiya wata da ta daɗe a rana ka murza, za ka ga ta farfashe kamar busasshen ganye. Ba ruɓewa ta yi ba, ƙanƙancewa ta yi. Haka zaren tufafin roba ke zubewa a ruwan wanki, tayar mota kuma tana goguwa a kwalta, ruwan sama ya kwashe duka ya zuba a kwata. A Kano, abin da ya shiga Jakara yana iya kaiwa har madatsar Wasai, inda masunta ke jefa koma.

To, me yake yi wa kifi?

Kifi na haɗiye shi a zaton abinci ne. Cikinsa ya cika da abin da ba ya narkewa, ya ji kamar ya ƙoshi alhali yunwa na cinsa. A gwaje-gwajen da aka yi an ga kumburin hanji, raguwar girma, da zaruruwa maƙale a inda kifi ke shaƙar iska. 'Ya'yan kifi sun fi shan wahala, domin hanjinsu siriri ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sinadaran da ke tafe da robar. A 2020 masu bincike a Jami'ar Washington suka gano dalilin da kifin salmon nau'in coho ke mutuwa a rafukan birnin Seattle na Amurka bayan an yi ruwan sama: wani sinadari ne da ake sa wa taya don kada ta tsattsage, wanda ke rikiɗewa ya zama guba. Kifi ya dawo daga teku don ya yi ƙwai, sai ruwan titi ya kashe shi kafin ya saka.

Mu masu cin kifin fa?

Yawancin ɓurɓushin a hanji yake tsayawa, don haka wanda ya feɗe tarwada ko karfasa ya zubar da kayan ciki ya rage da yawa. Ƙananan busassun kifin da ake dakawa a miya gaba ɗayansu ne abin dubawa.

Ana iya tace shi daga ruwa?

Ana iya, matuƙar ruwan na cikin bututu. Manyan matatun ruwan datti na zamani kan cire fiye da kashi 90 cikin 100, ta hanyar barin ruwa ya kwanta, a zuba alam ya dunƙule dattin, sannan a bi da shi ta yashi. Sai dai robar na komawa cikin laka, lakar kuma a ƙasashe da dama taki ake yi da ita a gona. Idan ya riga ya bazu a kogi ko tafki kuwa, ragar da za ta kama shi za ta kwashe ƙananan halittun da kifi ke ci. Shi ya sa Faransa ta nufi tushe: dokarta ta 2020 ta tanadi a sa wa sababbin injinan wanki matatar zare.

A gida me za a yi?

Wani bincike da aka yi a Guangzhou ta ƙasar Sin a 2024 ya nuna tafasa irin ruwan da ke barin farin ƙanzo a gindin tukunya na iya cire kusan kashi 90, domin ƙanzon na naɗe robar. A tafasa minti 5, a bari ya huce, a tace, a zuba a randa. A ruwan da ba ya yin ƙanzo, kaɗan tafasawar ke cirewa. Kuma a tace da ƙyallen auduga mai kauri, domin na roba shi ma zarensa yake zubarwa.