Waiwaye: Yadda manyan birane suka gano amfanin daji da fadama

An daɗe masu tsara birane suna kallon fadama da daji a matsayin filin banza da ke jiran a cike shi a yi gini. Birnin Meziko ya ɗanɗana kuɗarsa tun da wuri. Bayan Sifaniyawa sun ci garin a 1521, an yi ta janye ruwan tafkin da yake zaune a tsakiyarsa har aka kafa unguwanni a kan laka, kuma har yau ƙasar tana nutsewa saboda ruwan da ake zuƙowa daga ƙarƙashinta.

A Ingila kuwa da doka aka nemi taka wa birni birki. Dokar 1938 ta ba da damar keɓe filaye kewaye da Landan inda aka taƙaita gini. Gonaki da dazuzzuka sun tsira, sai dai gine-gine sun tsallake zuwa garuruwan da ke bayan iyakar, kuma har gobe ana muhawara kan hannun da tsarin yake da shi a tsadar gidaje.

A ganina, inda tunani ya sauya da gaske shi ne birnin Niyok na Amurka, a 1997. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan shan birnin daga yankin tsaunukan Katskil da kogin Delawa yake gangarowa, kuma hukumomi sun fuskanci gina matatar ruwa ta biliyoyin daloli. Maimakon haka sai suka ƙulla yarjejeniya da mazauna yankin, suka sayi filaye, suka gyara ramukan bahaya na gidaje, suka taimaki manoma da shingen da zai hana shanu shiga rafi. Daji ya ci gaba da tace ruwan, a kan kuɗin da bai kai na matatar ba.

A 2005 ne rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan halin muhallin duniya ya yaɗa wannan fahimta, cewa daji da fadama hidima suke yi wa ɗan'adam. A shekarar ce kuma, ranar 26 ga Yuli, aka yi ruwan sama na milimita 944 a birnin Mumbai na Indiya, kogin Mithi da gine-gine suka matse ya kasa ɗaukarsa, aka yi asarar ɗaruruwan rayuka. Bayan shekara goma Sin ta fara gwajin biranen da ke tsotse ruwa kamar soso.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ke zaune a bakin rafi da cikin fadama galibi talakawa ne da tsadar fili ta kora can, kuma su ake fara rushe wa gidaje idan an tashi gyara.