Haɗin Gwiwar Kare Kwarin Kogunan Haɗeja, Jama'are da Kwamadugu-Yobe

Kwarin Haɗeja-Jama'are-Kwamadugu-Yobe yanki ne na koguna da fadamu a arewacin Nijeriya da kudu maso gabashin Nijar, wanda ruwansa ke ƙarewa a Tafkin Chadi. Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Shi kuwa Kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake gangarowa. Su biyun suna bazuwa cikin dausayin Haɗeja-Nguru, sannan su fito a matsayin Kogin Yobe, wanda ake kuma kira Kwamadugu, su wuce Gashuwa da Gaidam, su zama iyaka tsakanin Nijeriya da jihar Difa ta Nijar. Jihohin Nijeriya shida ne ke da rabo a kwarin: Filato, Bauci, Kano, Jigawa, Yobe da Borno.

Asalin matsalar

Kafin a gina madatsun ruwa, kogin yana da lokutansa. Da damina ya cika ya batse, ya malale fadamu, a shuka shinkafa, kifi ya hayayyafa. Da ruwa ya janye sai a bi danshi a shuka wake da sauran amfanin rani, makiyaya su sauko da dabbobi. Da bazara kuwa gadon kogin kan bushe ƙurmus. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa a 1992, sun sauya wannan tsari. An gina su ne domin ruwan sha na birnin Kano da noman rani a Kadawa da Kura da kwarin Haɗeja, kuma sun biya wannan buƙata. Sai dai ambaliyar da mutanen da ke ƙasa da madatsun ke rayuwa a kanta ta ragu, ga shi ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara.

Ruwan da ba ya ƙafewa shi ne abin da ciyawar kacala ke so. Ta mamaye hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, rassan kogi irin su Burum Gana da tsohon Kogin Haɗeja suka toshe. Ruwa ya karkata zuwa mashigar Marma da tafkin Nguru, ya cinye gonaki da ƙauyuka a can, alhali mutanen Gashuwa zuwa gabas suna jiran ruwan Haɗeja bai iso ba. Wanda ya shiga kwalekwale a wajen zai ga kacala ta fi tsayin mutum, ta tsaya kamar katanga hagu da dama, masunci ba shi da wurin jefa birgi. Cikinta ne kuma tsuntsayen jan-baki ke kwana, da safe su tashi garke guda su faɗa wa shinkafa da gero.

Shirye-shiryen da aka yi

Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce ke riƙe da madatsun, amma aikinta ya fi karkata ga gini da rarraba ruwan noma. Batun muhalli ya shigo sosai ne a 1987, da aka fara Shirin Kare Dausayin Haɗeja-Nguru, tare da ƙungiyar kare muhalli ta duniya, IUCN, da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, da Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya. Tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a dausayin su ne suka fara jawo hankalin baƙi. Ba a jima ba ma'aikatan shirin suka gane cewa ba a raba makomar tsuntsu da ta manomi da masunci. Wani bincike da aka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa idan aka auna da yawan ruwan da ake kashewa, fadama ta fi manyan gonakin rani na sama amfani. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya, wurin farko a Nijeriya.

Daga baya wani shiri da Birtaniya ta tallafa ya tattaro manoma da masunta da makiyaya da sarakuna a zaure ɗaya. Ƙauyuka suka riƙa fita aikin gayya da lauje da adda suna sare kacala, aka kuma yashe wasu hanyoyin da injin haƙa. Inda aka buɗe, ruwa ya koma gonakin da aka yi shekaru da barin su. Aikin dai ba ya ƙarewa, don kacalar da aka sare bana ba a rasa ta baɗi.

Mataki mafi girma shi ne taron Damaturu na 2006, inda jihohin shida da gwamnatin tarayya suka amince da tsarin kula da kwarin gaba ɗaya, suka kafa asusun amana mai hedikwata a Damaturu domin ɗaukar nauyin ayyuka. Bankin Duniya ma ya shigo a 2014 da shirin inganta noman rani mai suna TRIMING, wanda ya haɗa da gyaran madatsun Tiga da Challawa da hanyoyin ban ruwa.

Ta fuskar ƙasa da ƙasa, Nijeriya da Nijar sun sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan da suke tarayya a kai, har da na Kwamadugu, wanda manoman tattasai na Difa suka dogara da shi. Kwarin yana kuma ƙarƙashin Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964.

Abin da ya rage

Takardu sun fi aiki yawa, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Jihar da ke sama ba ta cika son a ƙayyade mata ruwa ba, kuma sauyin gwamnati kan tafi da alkawuran da aka ɗauka. Muhawara mafi zafi ita ce ta madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana son ginawa a kan Kogin Jama'are a jihar Bauci. Masu goyon baya na hangen noman rani da aikin yi. Mutanen Yobe da Borno kuwa suna cewa Jama'are ne kaɗai babban kogin da ya rage ba a datse ba, kuma mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa daga gare shi yake.