Ayaba a cikin kwalba: me ke sa ta toho, me ke sa ta saiwa?

Wani dattijo a Asawase, mai gonar ayaba da doya a wajen Kumasi, ya ji cewa a Fumesua, kusa da Kumasi, a cibiyar binciken amfanin gona ta CSIR, hukumar binciken kimiyya da masana'antu ta Ghana, ana renon iri a cikin kwalba. Abin ya tsaya masa a rai, sai ya jero mini tambayoyi.

Ta yaya ɗan guntun ayaba zai zama shuka ba ƙasa?

Baba, ana yanko ɗan ƙanƙanin wurin da toho ke fitowa, a wanke shi tas daga ƙwayoyin cuta, a ɗora shi kan wani abinci mai kama da daskararren kunu. A cikinsa akwai sukari, gishirin taki da bitamin. Haɗin da aka fi amfani da shi na masana Murashige da Skoog ne, na 1962. Amma abinci ciyarwa kawai yake yi. Masu gaya wa guntun abin da zai zama su ne homon, sinadaran da shuka kanta ke yi don tafiyar da girmanta.

Waɗanne ne?

Manya biyu ne: oksin da saitokinin. A 1957 Skoog da Miller, a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, suka gwada su a jikin taba. Idan saitokinin ya rinjayi oksin, toho ke fitowa. Idan oksin ya rinjaya, saiwa ce. Idan suka yi kusan kunnen doki, sai wani dunƙule marar kai marar ƙafa ya taso, wanda ake kira kalus. A ganina nan ne asirin aikin yake, wato rinjayen ɗaya a kan ɗaya. Shi ya sa ake fara sa ayaba a kwalba mai saitokinin irin BAP ta yi 'ya'ya da yawa, a rarraba su, a sake, sannan a mayar da su kwalba mai oksin irin IBA ko NAA su yi saiwa. Akwai kuma jibarelin mai sa kara ya miƙe.

Nawa ake zubawa?

Kamar kanwa a miya. Miligiram kaɗan a lita guda. Abin mamaki, 2,4-D da kuke fesawa don kashe ciyawa shi ma oksin ne. Ɗigonsa a kwalba kalus yake haifarwa. Ruwan kwakwa ma yana ɗauke da saitokinin, tun 1941 masana ke amfani da shi.

In an cika fa?

Toho ya cunkushe, ganye ya jiƙe kamar gilashi, saiwa ta ƙi fita. Mafi muni, idan aka yi ta maimaita rarrabawa da saitokinin mai yawa, wasu shukokin kan sauya hali, kamar ayaba ta fito wada. Manomi ba zai gane ba sai ya riga ya yi wahala a gona.

In na ci ayabar, na ci sinadarin ke nan?

A'a, Baba. Kafin a dasa ana wanke saiwar, a saba wa shukar da iska da rana a inuwa na 'yan makonni. Daga nan homon na jikinta take amfani da shi, kamar kowace ayaba, kuma watanni da yawa ne kafin ta yi nono. Ba a taɓa ƙwayar halittarta ba, kwafin uwarta ce, in ban da 'yan waɗanda suka sauya hali.