Idan maganin wanke ciwo ko man shafawa ne ke jawo ƙaiƙayi

Ta yaya abin da aka yi don kare fata zai dame ta?

Hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce sinadarin ya ci fata kai tsaye saboda ƙarfinsa, kamar yadda yake faruwa ga wanda ya cika Dettol a ruwan wanka ko ya shafa shi ba tare da sirkawa ba, musamman da hunturun Kano, lokacin da fata ta riga ta bushe ta tsattsage. Ta biyu kuwa garkuwar jiki ce take ɗaukar sinadarin a matsayin abokin gaba, ta yadda ko ɗan kaɗan ya taɓa mutum sai ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje masu ruwa su fito bayan kwana ɗaya zuwa uku.

Na shekara biyar ina shafa mai ɗaya lafiya, zai iya zama shi ne?

Ƙwarai kuwa, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Jiki yakan ɗauki watanni ko shekaru kafin ya fara ƙin sinadari, amma da zarar ya fara, da wuya ya daina. Duk man da aka haɗa da ruwa sai an sa masa abin da zai hana shi lalacewa, kuma ɗaya daga cikinsu, wanda ake taƙaita sunansa da MI, ya dami jama'a har Tarayyar Turai ta hana sa shi a mayukan da ake bari a jiki daga 2017. Basilin da man kaɗanya zalla ba su da ruwa, don haka ba sa buƙatar wannan ƙari. Man da aka haɗa a kasuwa aka ɗura a robar da ba rubutu, ba lambar NAFDAC, ba mai iya cewa ga abin da ke cikinsa.

Yaya ake gane mai laifin?

Likitan fata yana manna ƙananan faci masu ɗauke da sinadarai daban-daban a gadon baya, ya cire bayan awa 48, ya sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. A baƙar fata ba lallai a ga ja ba, sau da yawa wurin duhu yake yi ko ya yi furu-furu. Mai zuwa asibiti ya tafi da duk kwalabensa, har da sabulu, ya kuma guji ƙara maganin kashe ƙwayoyin cuta a wanka da zaton ƙazuwa ce ko makero.

Yaushe abin yake zama na gaggawa?

Kulohekzidin, wanda yake cikin Savlon na ruwa kuma ake goge fata da shi kafin tiyata, yakan jawo wa wasu 'yan tsiraru borin jini, kumburin leɓe da sarƙewar numfashi cikin mintuna, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2017. Wannan asibiti ake kaiwa nan take, kuma wanda ya taɓa fuskantarsa ya riƙa faɗa wa ma'aikatan jinya tun kafin a taɓa shi da auduga.