Kafin ka ce kwamfutarka ta lalace

Wata safiya a watan Mayu, zafi ya riga ya fara dukan kwano, wata ɗaliba ta shigo ɗakin da muke koyar da kwamfuta a nan Damagaram. Idonta ya yi ja, ta damƙe kile, wato ɗan abin ajiye fayiloli da ake sokawa a jikin kwamfuta, a hannu kamar za a ƙwace mata. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Malam, aikina na wata shida ya tafi."

Da maraicen jiya ta je wani shagon buga takardu a cikin gari, aka soka kilen a kwamfutarsu. Da ta dawo gida ta buɗe, sai ta tarar duk fayilolinta sun koma wasu ƴan alamomi masu ƙaramar kibiya a gindinsu. Yayanta ya ce a goge kilen kakaf a huta. Allah Ya sa ba ta yarda ba.

Abin da na fara dubawa shi ne nauyin kilen. Kwamfuta ta nuna akwai kusan giga biyu a ciki, ke nan kayan suna nan. Wannan ƙwayar cutar ba ta cinye fayil, ɓoye shi take yi, ta ajiye gajeriyar hanya mai kama da shi a gurbinsa, wanda duk ya danna ya buɗe mata ƙofar tasa kwamfutar. Muka sa Windows Defender, manhajar tsaron da ke zuwa da Windows, ya bincike kilen ya kwashe cutar. Muka shiga Affichage, wato View da Turanci, wurin da ake zaɓar yadda fayiloli za su fito a allo, muka ce a nuno abin da aka ɓoye, har da fayilolin da Windows ke karewa. Sai ga aikinta babi-babi, ba abin da ya taɓa shi. Ta rufe fuska da mayafi, ta daɗe tana hamdala.

Na tambaye ta, "Ƙanwata, ina ɗayan kwafin?" Ta ce babu.

Nan ne damuwata take, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan. Kwamfuta in ta mutu ana sayen wata, ko da bashi ne. Amma rubutun kammala karatu, da lissafin shago na shekara uku, da hotunan mahaifin da ya rasu, babu kasuwar da ake sayar da su, ko Dole ko Kurmi. Duk abin da ka san rashinsa zai sa ka kuka, ya kasance a wuri biyu aƙalla, kuma ɗaya ba a cikin ɗakin da kwamfutar take ba, don ɓarawo ko gobara ba sa zaɓe. Mai adireshin Gmail yana da giga 15 kyauta. Ka aika wa kanka fayil ɗin duk ranar Juma'a. In shagon buga takardu za ka, ka tura musu takardar ta WhatsApp ko ta imel, ko ka keɓe kile ɗaya na fita waje, wanda ba a ajiye komai mai daraja a cikinsa.

Kwamfutar gidan su ɗalibar ma sai da muka wanke, don ta danna alamomin nan sau da yawa. Windows 7 ce a kanta. Microsoft ya daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025. Gidaje da yawa a Birni da Zango da Sabon Gari har yau da su ake aiki, musamman kwamfutocin hannu na biyu da ke shigowa daga Kano. Ba na ce a jefar da su ba. Amma irin wannan kwamfutar kada a shiga asusun banki da ita, in kuma za ta iya ɗaukar sabon Windows ko Linux, wanda ke aiki a madadin Windows, a sa mata. Wanda tasa ke samun sabuntawa, don Allah kada ya kashe ta. Na san kuɗin intanet ba wasa ba ne, na san abin da jika ɗaya take nufi a gida. Sai dai a tuna da abin da ya faru a watan Mayu na 2017: cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali maganin ramin da ta bi ya fito tun watan Maris. Waɗanda suka sabunta ba ta same su ba. Kamar allurar rigakafin yara ce, ana yin ta ne tun yaro yana wasa.

Sai manhajojin sata, waɗanda ake zuba maka kyauta in ka sayi kwamfuta. Da yawansu da cutar a ciki suke zuwa. In LibreOffice zai yi maka aikin rubutu da lissafi, shi kyauta ne na halal.

Mu zo kan akwatin wifi. Kuka ɗaya nake ji kullum: "Kuɗin da na sa jiya sun ƙare, ban yi komai ba." Sau da yawa in muka duba, wayoyi takwas ko goma ne a kan akwatin, mutanen gidan kuma biyar ne. An ba yaro lambar sirri, ya ba abokinsa, abokin ya ba majalisar shayi ta ƙofar gida. Juya akwatin ka duba ƙasansa, za ka ga adireshi kamar 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Rubuta shi a inda kake rubuta adireshin intanet, zai kai ka cikin akwatin. A nan mabuɗi biyu ne, mutane kuma ɗaya suka sani. Akwai na shiga wifi, akwai na mai akwatin, wanda a akwatuna da yawa "admin" ne tun daga kamfani, kowa ya san shi. Canza duka biyun. Kada ka sa lambar wayarka ko shekarar haihuwarka, maƙwabci ya san su. Haɗa kalmomi huɗu na Hausa da ba su da dangantaka da juna, ka sa lamba a tsakani. Tsawon shi ne ƙarfinsa. A wajen tsaro zaɓi WPA2 ko WPA3, kada ka bar shi a WEP, an daɗe da fasa wannan. In ka ga WPS, hanyar shiga wifi ba tare da rubuta lambar sirri ba, a kunne, kashe shi. Ba rowa ba ce. Wanda ke kan akwatinka, abin da ya aikata a intanet da layinka zai fito, layin kuma da sunanka aka yi rajistarsa. In kana son taimakon maƙwabci, akwatuna da yawa suna da wifi na baƙi daban, buɗe masa wannan.

In intanet ta yanke, kada ka yi saurin ɗaukar kabu-kabu zuwa wurin mai gyara. Duba ko a waya ɗaya ce ko a duka. In ɗaya ce, matsalar tana wayar. In duka ne, zare akwatin daga wuta, ƙirga talatin, mayar. Duba ko kuɗin sun ƙare. Duba kuma inda ka ajiye shi, don katangar ƙasa mai kauri irin ta gidajen Birni tana shanye sigina. Ɗaga shi sama, kusa da taga, nesa da ƙarfe.

Kwamfutar da ke mutuwa da kanta bayan minti ashirin, tana huci, yawanci ba cuta ba ce, zafi ne. Ƙurar hunturu ta toshe mata hanci, ga bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40, ga ta a kan katifa ko darduma inda iska ba ta shiga ta ƙasa. Ɗora ta a kan tebur ko faranti mai faɗi, a kai ta a hure mata ƙura sau ɗaya a shekara bayan hunturu. In aka ɗauke wuta, zare wayar caja daga bango, don dawowar wutar ce ke ƙona caja. Haka ma in hadari ya taso da walƙiya.

Akwai wata ɓarna da ba ta bi ta na'ura ba, ta bakinmu take bi. Wani zai kira, ko ya rubuto da sunan wanda ka sani, ya ce, "Alhaji, na yi kuskure an turo maka wata lamba, karanto mini." Lambobi shida ne na WhatsApp ɗinka. Da ka faɗa ya ƙwace asusun, ya shiga roƙon kuɗi a wurin danginka da sunanka. Ba a ba kowa wannan lambar, ko da ya ce daga kamfani yake. Shiga saitin WhatsApp yau ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka kunna wa Inna da Baba ma, don su aka fi kira.

In duk ka gwada abin ya ƙi, to a kai wa mai gyara. Kafin ka fita, kwashe hotunan iyali da takardunka, ka fita daga Facebook da imel. Ka gaya masa abin da ya faru daidai, yaushe ya fara, me aka soka, me ya fito a allo. Kuma ka ce masa a fili kada ya goge komai sai ya kira ka.